Idan ƙanƙarar da ke yawo a kan teku ta narke, mene ne abin damuwa?

Malamin Sakandare ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina koyar da darasin labarin ƙasa a ajin ƙarshe na sakandare, kuma ina roƙon masu ilimin wannan fanni a zauren nan su warware mini wani abu da ya shige mini duhu kafin in tsaya gaban ɗalibai da shi. Kusan kowace shekara, idan watan Satumba ya kama, sai kafofin yaɗa labarai su ruwaito cewa ƙanƙarar da ke rufe tekun Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, ta sake raguwa, kuma akan kawo labarin ne kamar wata musiba ta auku. To amma duk wanda ya taɓa jefa ƙanƙara a kofin ruwa ya san cewa idan ta narke ruwan ba ya tumbatsa, domin tun tana daskare ta riga ta ci gurbinta. Idan haka ne, ƙanƙarar da ke yawo a kan teku ba za ta ƙara wa teku cika ba ko da ta narke ƙaf. Ina abin damuwar yake?

Tambayata ta biyu ita ce, na sha jin ana cewa yayin da ta arewa ke raguwa, ta kudu, wadda ke kewaye da nahiyar Antaktika, ƙaruwa take yi, har wasu na kafa hujja da wannan suna cewa maganar ɗumamar duniya akwai ƙarin gishiri a ciki. Shin gaskiya ne, kuma idan gaskiya ne, ta yaya maganganun biyu za su haɗu? Ina roƙon a ba ni amsa mai alƙaluma, domin ɗaliban yanzu ba sa karɓar "an ce". Allah ya saka da alheri.

Baban Sadiq ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka faɗa game da kofi daidai ne, kuma babu masanin da zai yi jayayya da kai a kansa. Ƙanƙarar teku ruwan tekun ne da kansa ya daskare, abin da ke faruwa idan sanyinsa ya kai kusan digiri 1.8 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, don haka narkewarta ba ta ƙara wa teku wani abin kirki. Wadda ke sa teku ya cika ita ce ƙanƙarar da ke zaune a kan tudu, wato ta tsibirin Girinlan, wadda da za ta narke duka da teku ya hau da kusan mita 7, da ta nahiyar Antaktika, wadda ta kai ta mita 58, sai kuma ta kan duwatsu, tare da kumburin da ruwa ke yi idan ya ɗumama. 'Yan jarida kan cuɗa waɗannan iri biyu wuri guda, shi ya sa mai sauraro ke rikicewa. Ina ba da shawara ka fara raba wa ɗalibanka su a allo kafin ka ce komai.

Damuwar da ake yi da ƙanƙarar teku ta wani ɓangare ce dabam, wato aikin da take yi wajen mayar da hasken rana. Ƙanƙarar da dusa ta lulluɓe tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta zuwa sararin samaniya, alhali buɗaɗɗen teku, saboda duhunsa, yana haɗiye fiye da kashi 90 cikin 100. A ƙuryar arewa rana ba ta faɗuwa tsawon watanni a lokacin zafi, don haka duk inda ƙanƙara ta janye, ruwan da ta bari a buɗe yana shan zafi dare da rana. Ruwan da ya sha zafi yana jinkirin daskarewa idan sanyi ya dawo, ƙanƙarar da ta daskare a makare ba ta yin kauri, marar kauri kuwa ita ce ke fara narkewa a shekara mai zuwa, sai a sake samun buɗaɗɗen teku wanda ya fi na bara faɗi. Haka abin ke ciyar da kansa. Wannan na cikin manyan dalilan da suka sa yankin Aktik ke ɗumama da saurin da ya kusa ninka na sauran duniya sau huɗu tun daga 1979, kamar yadda masana na hukumar yanayi ta ƙasar Finlan suka nuna a 2022. Kuma ga inda maganar ta koma kan cikar teku ta bayan gida: iskar da ta ɗumama a kan wannan teku ita ce dai ke kaɗawa a kan Girinlan, wadda tun 2002 take asarar kimanin tan biliyan 270 na ƙanƙara a kowace shekara, kuma wannan kam cikin teku yake zuba.

Ga alƙaluman da ka nema. Tun ƙarshen 1978 taurarin ɗan'adam ke auna faɗin ƙanƙarar tekun Aktik, kuma cibiyar NSIDC da ke garin Boulder a jihar Kolorado ta Amurka ce ke tattara bayanan tare da hukumar NASA. Ƙanƙarar tana kai matuƙar faɗinta a watan Maris, tana kai matuƙar ƙanƙantarta a Satumba, shi ya sa kake jin labarin a wannan wata. Tsakanin 1981 da 2010, abin da kan rage a Satumba ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 6.2 a matsakaici. A 2007 ya faɗo zuwa kusan miliyan 4.2, a 2012 ya kai miliyan 3.4, wanda shi ne mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa, a 2020 kuma ya tsaya a kusan miliyan 3.7. Tazarar da ke tsakanin wancan matsakaici da abin da aka gani a 2012 ta kai faɗin Najeriya sau uku. Idan aka ja layi a kan dukan shekarun, raguwar ta Satumba ta kai kusan kashi 12 cikin 100 a kowace shekara goma.

Sai dai a ganina faɗi ba shi ne babban labarin ba, kauri da shekaru su ne. A da, yawancin tsakiyar tekun Aktik tsohuwar ƙanƙara ce ke rufe da shi, wadda ta tsallake lokacin zafi sau da dama tana ƙara kauri, gishirinta ya tsiyaye, ta yi tauri har jirgi ba ya iya ratsa ta. A watan Maris na 1985, wadda ta haura shekara huɗu ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan ƙanƙarar. Zuwa Maris na 2019 ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Ma'aunin da jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku suka ɗauka, aka haɗa da na taurarin ɗan'adam, ya nuna kaurinta a lokacin sanyi ya ragu daga kimanin mita 3.6 a 1980 zuwa ƙasa da mita 2 a 2008. Saboda haka ko a shekarar da hoto ya nuna fari ya rufe ko'ina, abin da ke wurin ɓawo ne sabo wanda guguwa ɗaya za ta iya farfasa shi, kamar yadda wata babbar guguwa ta yi a watan Agustan 2012.

Dalilin raguwar kuwa ba a ɓoye yake ba. Iskar kabon da ke fitowa daga ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas ta tashi daga kimanin kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yanzu. A 2016 wasu masana biyu, Dirk Notz da Julienne Stroeve, suka kwatanta jimillar kabon da aka fitar da abin da ya rage na ƙanƙara, suka samu cewa kowane tan ɗaya yana tafiya da kimanin murabba'in mita 3 na ƙanƙarar Satumba. Wannan lissafi ne da ɗalibi zai iya yi da biro da takarda. Maganar kudu na bar wa wasu, domin na riga na tsawaita.

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

Salam ga kowa. Baban Sadiq, na gode da wannan bayani, kuma ba na musun ko ɗaya daga alƙalumanka, amma akwai abin da ka wuce da sauri wanda ya kamata Malam ya sani, domin idan bai faɗa wa ɗalibansa ba za su gano da kansu a intanet, daga nan kuma su daina yarda da sauran abin da ya koya musu. Shekarar 2012 ita ce mafi ƙanƙanta, kuma an haura shekara goma ba a sake kaiwa can ba. A 2023 da 2024 abin da ya rage a Satumba ya tsaya tsakanin miliyan 4.2 da 4.3, wato kusan inda yake a 2007. Wanda ya dubi shekarun da suka biyo bayan 2007 kaɗai ba zai ga gangara mai tsanani ba, zai ga abu yana hawa yana sauka a wuri ɗaya. Haka kuma bayan faɗuwar 2007 an yi ta yayata hasashen cewa ƙanƙarar lokacin zafi za ta ƙare cikin 'yan shekaru kaɗan, lokacin ya zo ya wuce, ƙanƙara tana nan.

Ni dai abin da na fahimta daga wannan shi ne, akwai abu biyu da ke aiki tare. Akwai ɗumamar da ke tura ƙanƙara ƙasa sannu a hankali, akwai kuma jujjuyawar iska da igiyoyin teku ta ɗabi'a, wadda wani lokaci takan ƙara wa raguwar gudu, kamar tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da 2012, wani lokaci kuma ta taka mata burki. Duk wanda ya yi aiki da na'urar awo ya san ba a yanke hukunci da karatu ɗaya. Adalci dai shi ne in ƙara da cewa shekaru 18 daga 2007 zuwa 2024 su ne 18 mafi ƙarancin ƙanƙara a duk tarihin awon, don haka ba farfaɗowa ta yi ba, ta sauka mataki ne ta zauna a can. Kuma a Maris na 2025 matuƙar faɗinta na lokacin sanyi ya tsaya a miliyan 14.3, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani zuwa wannan lokaci.

Abin da nake ƙi shi ne a riƙa sa wa al'amarin rana kamar ɗaurin aure. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, a rahotonsa na 2021 bai ambaci shekara ba. Cewa ya yi akwai yiwuwar a ga Satumbar da ƙanƙarar za ta gaza murabba'in kilomita miliyan 1, aƙalla sau ɗaya kafin 2050, ko wace hanya duniya ta bi wajen rage hayaƙi. Wannan magana ta isa tayar da hankali ba sai an yi mata ƙari ba.

Maman Hafsat ta amsa:

Assalamu alaikum. Malam, bari in ɗauki tambayarka ta biyu tun da an bar ta. Abin da ka ji gaskiya ne a da, amma labarin ya tsufa. Daga 1979 ƙanƙarar da ke kewaye da Antaktika ta riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har a Satumbar 2014 ta haura murabba'in kilomita miliyan 20, abin da ba a taɓa aunawa ba. Daga 2016 sai ta rikito, cikin shekara uku ta rasa fiye da abin da ta tara a shekara talatin da biyar. A Fabrairun 2023, wato ƙarshen lokacin zafi a can, ta sauka zuwa miliyan 1.79, mafi ƙanƙanta a tarihin awon, sannan da sanyi ya zo ta kasa kaiwa miliyan 17, ta gaza mafi ƙarancin da aka sani a baya da kusan miliyan guda cur. Masu kafa hujja da ƙaruwarta suna riƙe ne da jaridar shekara goma da ta wuce.

Dalilin da ya sa kudu da arewa ba sa tafiya tare yana cikin taswira, kuma wannan ya fi komai dacewa da ajinka. Aktik teku ne da ƙasashe suka kewaye, ƙanƙararsa a tsare take kamar a cikin kwano, tana iya shekara da shekaru tana taruwa. Antaktika kuwa ƙasa ce da teku ya kewaye, ƙanƙararta ba ta da shinge, iska mai ƙarfi tana tura ta arewa zuwa ruwa mai ɗumi, shi ya sa kusan dukanta ke narkewa kowace shekara ta sake daskarewa, kuma kaurinta ba ya cika wuce mita ɗaya zuwa biyu. Faɗinta ya fi dogara da yadda iska ta kaɗa da yadda ruwan sama-sama ya kasance. Ruwan da ke narkowa daga tudu marar gishiri ne, yana kwanciya a saman teku, yana kuma saurin daskarewa, don haka narkewar tudu kanta na iya ƙara faɗin ƙanƙarar teku na wani lokaci. Bincike na baya-bayan nan yana danganta rikitowar da ta faro a 2016 da ɗumin da ya taru a ƙarƙashin saman tekun kudu ya fara tasowa.

Akwai kuma abin da alƙaluman faɗi ba sa nunawa, wato cewa wannan ƙanƙara mazauni ce. A ƙarƙashinta gansakuka ke tsirowa, ita ce abincin wasu ƙananan halittu masu kama da jatan lande da ake kira kiril, su kuma su ne abincin kifaye da tsuntsaye da manyan dabbobin teku. Babban tsuntsun fengwin, wanda ake yi wa laƙabi da sarki, a kan ƙanƙarar da ta manne da gaɓa yake ƙyanƙyasa, kuma yana bukatar ta dawwama daga Afrilu har zuwa Disamba ko Janairu, lokacin da 'ya'yan ke fitar da gashin da ruwa ba ya ratsawa. A ƙarshen 2022 ƙanƙarar tekun Bellingshausen da ke yammacin Antaktika ta farfashe da wuri, kuma masu bincike na hukumar Birtaniya mai nazarin Antaktika suka gano ta hotunan tauraron ɗan'adam cewa a mazaunai huɗu cikin biyar da ke yankin, da wuya in akwai ɗan tsako ɗaya da ya tsira. A arewa kuma farar beyar a kan ƙanƙara take farautar dabbar teku da ake kira sil, wadda kitsenta ne ke riƙe beyar ɗin. A gaɓar yammacin tekun Hudson na Kanada, kusa da garin Churchill, kwanakin da take yi a tudu tana jiran teku ya daskare sun ƙaru da makonni idan aka kwatanta da shekarun 1980, kuma yawanta a can ya ragu ƙwarai. A 2014 an ƙidaya dabbar walras mai dogayen haure kimanin 35,000 cunkushe a gaɓa ɗaya kusa da Point Lay a Alaska, saboda babu ƙanƙarar da za su huta a kai.

Kada kuma a manta da mutane. Ga al'ummar Inuwit na Kanada da Girinlan da danginsu na Alaska, daskararren teku hanya ce ta zuwa farauta da ziyarar dangi, kuma ilimin da suka gada na gane inda zai ɗauki mutum da inda zai burma ya fara saɓa musu. Ƙanƙarar gaɓa ita ce kuma katangar da ke tare igiyar ruwa a lokacin guguwar kaka. Da ta fara makara, sai teku ya shiga cin ƙauyen Shishmaref na Alaska, wanda ke kan wani siririn tsibiri, har mutanensa suka kaɗa ƙuri'a a 2016 suka zaɓi su tashi. Irin wannan kariya ƙanƙarar teku take yi wa manyan faifayen ƙanƙara da ke manne da Antaktika, waɗanda su ne ke tokare da ta tudu. Lokacin da faifan Larsen B, mai faɗin murabba'in kilomita 3,250, ya wargaje cikin makonni a 2002, ƙanƙarar tudun da ke bayansa ta ninka gudunta zuwa teku.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Gaisuwa ga malamai da iyaye. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, akwai waɗanda wannan narkewa ta zame musu kasuwa, kuma ba ɓoyewa suke yi ba. Hanyar ruwa da ta bi ta arewacin Rasha tana rage tafiya tsakanin arewacin Turai da Japan da kusan kashi 40 cikin 100 idan aka kwatanta da bi ta mashigin Suwez. Rasha ce kaɗai ƙasar da ke da ayarin jiragen fasa ƙanƙara masu aiki da nukiliya, tana kuma fitar da gas daga tashar Sabetta a yankin Yamal, kuma a 2017 jirgin dakon gas mai suna Christophe de Margerie ya ratsa hanyar ba tare da rakiyar jirgin fasa ƙanƙara ba. Tun 2007 ma Rasha ta dasa tutarta a ƙasan teku daidai ƙuryar arewa. A 2008 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 13 cikin 100 na man da ba a gano ba tukuna a duniya, da kashi 30 cikin 100 na gas, suna wannan yanki. Wato mai da gas ɗin da ƙona su ya narkar da ƙanƙarar, su ne ake rububin haƙowa a inda ta janye.

Ba na so in zuzuta abin, domin kayan da ke bi ta wannan hanya a shekara ba su kai tan miliyan 40 ba, alhali na Suwez sun haura tan biliyan 1 a shekarun da babu rikici. An kuma yi wasu yunƙuri na kirki: yarjejeniyar da ta hana kamun kifi na kasuwanci a tsakiyar tekun Aktik na shekara 16 ta fara aiki a 2021, haramcin amfani da baƙin mai mai nauyi a jiragen yankin kuma ya fara a Yulin 2024, ko da yake an bar ƙofofin sassauci har 2029. Amma Majalisar Aktik, wadda ƙasashe takwas suka kafa a Ottawa a 1996, ayyukanta sun yi rauni tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, alhali kusan rabin gaɓar tekun ta Rasha ce.

Na yi lissafin da Baban Sadiq ya ce ɗalibi zai iya. Ba'amurke ɗaya yana fitar da kusan tan 14 na kabon a shekara, wato yana narkar da sama da murabba'in mita 40. Ɗan Najeriya bai kai tan 1 ba, mu a Nijar kuwa ko kashi ɗaya cikin huɗu na tan ba mu kai ba. Tambayata, Baban Sadiq, ita ce: wannan al'amari yana da wata hanya da zai taɓa daminarmu, ko kuwa labarin masu sanyi ne kawai?

Baban Sadiq ya sake amsawa:

Ƙanena Ɗan Damagaram, hanyar tana nan, sai dai doguwa ce, kuma ba zan yarda wani ya ce ambaliyar bana ko farin bara ƙanƙarar Aktik ce ta kawo su kai tsaye ba. Daminar Sahel ta dogara ne da nisan da ɗamarar ruwan sama ta yankin tsakiyar duniya ke yi zuwa arewa a kowace shekara, ita kuma wannan ɗamara tana karkata ne zuwa ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. Tun 1986 masana a hukumar yanayi ta Birtaniya suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya tare da lokacin da tekunan arewa suka yi sanyi idan aka kwatanta da na kudu, kuma haka aka gani a farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985. A bisa wannan ƙa'ida, ɗumamar arewa a yanzu tana iya jawo ruwa zuwa tsakiyar Sahel da gabashinsa, kuma da yawa daga hasashen kwamfuta haka suke nunawa, tare da cewa ruwan zai riƙa zuwa da ƙarfi a lokaci guda.

Hatsarin yana wani wuri. Akwai wata babbar igiya a tekun Atilantika da ke ɗauko ruwa mai ɗumi daga kudu zuwa arewa, idan ya isa kusa da Girinlan da Nowe ya huce ya yi nauyi, sai ya nutse ya koma kudu ta ƙasa. Nauyin nan daga sanyi da gishiri yake samuwa. Ruwa marar gishiri da ke fitowa daga narkewar Girinlan da ƙanƙarar Aktik yana tsarma saman tekun, yana rage masa nauyi, don haka yana iya rage wa igiyar ƙarfi. Idan ta raunana sosai, arewacin Atilantika zai yi sanyi, ɗamarar ruwa ta ja baya zuwa kudu, kuma ƙasashen da ke bakin iyakarta ta arewa, irin su Damagaram da Maraɗi da Katsina, su ne za su fara gani a gonakinsu. Alamun da aka samu a laka ta ƙarƙashin teku sun nuna cewa a ƙarshen zamanin ƙanƙara, duk lokacin da wannan igiya ta yi rauni, Afirka ta Yamma ta bushe. Rahoton IPCC na 2021 ya ce akwai yiwuwa mai ƙarfi ƙwarai cewa igiyar za ta raunana a wannan ƙarni, amma matsakaicin tabbaci kawai ya bayar cewa ba za ta tsaya kwatsam kafin 2100 ba, kuma har yanzu masana na muhawara a kan wannan gaɓa. Tun 2004 ake auna ƙarfinta kai tsaye da na'urorin da aka jera a faɗin tekun daga Bahamas zuwa tsibiran Kanari.

Injiniya, na karɓi gyaranka a kan shekarun bayan 2007, kuma ina ganin Malam ya nuna wa ɗalibai jadawalin gaba ɗaya daga 1979, ya bar su su ga gangarar da kuma inda ta lafa. Shafin NSIDC yana sabunta wannan jadawali kowace rana, na arewa da na kudu, kuma ana iya zaɓar shekarun da ake so a ɗora su a kan juna.